Takalmin kaboyi ga mai kaurin sha-raɓa: wanne zai shige ki?

A Disambar bara, ana gobe za mu fita kashta, wato shaƙatawa a sahara, can Sumama, bayan garin Riyad a Saudiyya, na iske ƙanwata zaune dirshan a ƙasa tana kokawa da sabon takalmin kaboyi da ta yo oda daga Amurka. Ƙafa ta shiga sumul, lamba 39 ce daidai da ita, amma wuyan takalmin ya zo tsakiyar sha-raɓa ya cije. "Yaya, don Allah ja mini," in ji ta. Na ja, ta ja, har kunnen fatar da ake riƙewa ya fara ƙara, muka haƙura. Da muka tambayi shagon kuɗin mayarwa, sai muka ga gara a bar shi a kwali.

Wannan takalmi tun asali na mahaya doki ne. Bakinsa siriri don ya shiga likkafa, dunduniyarsa mai tudu don ta riƙe ƙafa, dogon wuyansa kuma yana kare ƙwauri daga ƙaya. Ba a sa masa igiya, don in doki ya kayar da mutum ƙafa ta zare. Tsofaffin kamfanonin Texas, irin su Justin da ya fara a 1879, da Lucchese a 1883, da Tony Lama a 1911, duk a kan wannan ƙira suka tashi. Ma'ana dai wuyan kamar bututu yake, ba a sassauta shi, ba a tsuke shi. Ko ƙafarki ta wuce, ko ta tsaya.

Saboda haka tef ɗin tela za ki fara nema, ba hoton takalmi ba. Ki zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, ki zagaya wurin da sha-raɓa ta fi kauri. Ki auna da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, kuma da safar ko wandon da za ki cusa a ciki. Ki auna duka biyun, domin sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya, sai ki riƙe babbar. Akwai awo na biyu da kusan kowa ke mantawa: daga ƙasa zuwa wannan wuri mai kauri, inci nawa ne? Shi zai gaya miki inda bakin takalmin zai tsaya a jikinki.

Yawancin na mata zagayen wuyansu inci 14 ne zuwa 15, wato wajen santimita 36 zuwa 38. Waɗanda aka rubuta wa "wide calf", wato masu faɗin wuya, galibi daga inci 16 suke farawa, kusan santimita 41. Amma kowane kamfani da nasa awon, don haka lambar za ki nema a bayanin kayan, in ba su rubuta ba ki wuce. Ki kuma bar rarar kamar rabin inci.

Tarkon da ƙanwata ta faɗa shi ne harafin da ke kusa da lamba. Ta ga C, ta ɗauka mai faɗin wuya ne. Harafin nan faɗin tafin ƙafa yake nufi: B shi ne na gama-gari ga mata, C ya fi shi faɗi. Bai taɓa sha-raɓa ba. Haka ma dabarar ƙara lamba, mai 39 ta sayi 41. Wuyan zai ƙaru kaɗan ƙwarai, ƙafa kuma ta riƙa iyo a ciki har ta yi bororo.

To, wanne za a saya? Ni dai gajere nake zaɓa wa kusan kowace 'yar uwa da ke zaune a ƙasar nan, kuma ga dalilina. Duk adon zaren da ake yi wa dogon wuya, wanda shi ke ƙara masa tsada, abaya ce ke rufe shi ruf. Abin da mutane za su gani bakin takalmi ne da dunduniya. Wanda ya tsaya sama da idon sawu kaɗan, ko samfurin Roper mai gajeren wuya da dunduniya marar tudu sosai, yakan ƙare kafin ya kai wurin kaurin, musamman ga doguwar mace. Yana da sauƙin cirewa, kuma ki tuna sau nawa muke tuɓe takalmi a yini: ƙofar majalisi, masallaci, gidan ziyara, bakin darduma a sahara. Na ga mace ta dafa bango tana fama da dogon takalmi, baƙi sun yi layi a bayanta da tiren gahawa. Ga mai tuƙi ma, wanda tun 2018 da aka ba mata izinin tuƙi da yawanmu mun shiga sahu, gajeriyar dunduniya ta fi daɗin taka birki.

Matsakaici, mai tsawon inci 11 zuwa 13, shi ne ainihin kamannin kaboyi, kuma shi ne ya fi yaudara. Ga mace marar tsawo, bakinsa yakan faɗo daidai kan wurin da ya fi kauri. In shi ranki ke so, ki nemi wanda aka yanke bakinsa da zurfi gaba da baya, kamar harafin V. Yankan nan yana buɗewa ya ba nama wuri, kuma zurfinsa ake dubawa a hoto.

Dogo har kusa da gwiwa kuwa, na mai zuwa taron mata ne inda za a ajiye abaya, ko mai tafiya Tabuk cikin hunturu. Kada ki saye shi sai da zif a gefe ko roba mai miƙewa da aka ɗinka a jikin wuyan. Ariat, wanda aka kafa a 1993, yana cikin masu yin irin wannan. Masu tsattsauran ra'ayin kaboyi suna raina zif, amma ba su za su ja miki ba.

Idan kin riga kin saya kuma abin da ya rage kaɗan ne, baduku zai iya buɗa wuyan da rabin inci, in an yi sa'a inci ɗaya. Sharaɗin shi ne fata ce ta gaske. Fatar akuya da mai laushin nan mai gashi-gashi sun fi saurin sakewa, ta saniya takan ɗauki lokaci. Ta roba ba ta miƙewa, tsagewa take yi, kuma in ta sha zafi da gumin Jidda a cikin kabad sai ki tarar tana saɓulewa. Ki duba shafin ciki ma. Wasu kamfanoni da fatar alade suke yin sa, ana gane ta da ƙananan ramuka da ke zuwa uku-uku. Ki tambayi mai sayarwa tun kafin ki biya. Ƙasan takalmin kuma, na fata yana santsi a kan tayil ɗin manyan kantuna, na roba ya fi riƙe ƙasa.

Wajen lissafi, dala ɗaya riyal 3.75 ce, don haka takalmin dala 200 ya zama riyal 750, ga harajin kashi 15 cikin 100, ga kuɗin jirgi. A shagunan intanet irin su Amazon.sa da Noon da Namshi mayarwa ta fi sauƙi, sai dai akasarin abin da ke can na ado ne, ki karanta da kyau ko fata ce. In ya iso, ki gwada shi a kan kafet don kada ƙasansa ya kurje a ƙi karɓa. Dunduniya ta ɗan ɗaga yayin tafiya ba laifi ba ne a sabo, yana raguwa in ƙasan ya yi laushi. Saman ƙafa ne ya kamata ya kama ki, kuma yatsanki ɗaya ya iya shiga tsakanin sha-raɓa da wuyan.

Ƙanwata dai da silifas da safa biyu ta je kashtar nan. Daga baya ta sayi gajere ruwan ƙasa, dogon kuma 'yar maƙwabciyarmu ce ta gaje shi.