Koyon Sarrafa Abinci: Jami'a, Kwalejin Fasaha ko Gaban Maigida?

Kafin ka biya kuɗin makaranta, fara tantance aikin da kake nema. Mai son sanya farar riga a ɗakin gwaji da mai son buɗe tasa 'yar masana'antar yogot ba ƙofa ɗaya za su shiga ba.

Jami'a doguwar hanya ce. Jami'ar Bayero, da ta Maiduguri, da ta Aliko Dangote da ke Wudil duk suna da sashen kimiyya da fasahar abinci. Sai ka ci JAMB, kuma in ba ka da kiredit a kemistiri da lissafi, kada ma ka wahalar da kanka. Digiri yana kai mutum kujerar kula da ingancin kaya a kamfani, ko aiki da hukumomin duba ingancin kaya irin su NAFDAC da SON. Sai dai kujerun nan kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka.

Ni dai na fi karkata ga kwalejin fasaha, irin ta Kaduna. Shekara 2 ka samu ND, ka yi shekara 1 a masana'anta, in ka ga dama ka koma ka ƙara 2 don HND. Wannan shekarar ta tsakiya ita ce riba. A nan za ka tsaya kan injin, ka ɗebi shinkafar da aka turara, ka auna danshinta, ka gane dalilin da ya sa ake so ya sauko kusan kashi 14 cikin ɗari kafin a casa: in ta jiƙe ta yi fumfuna a buhu, in ta bushe da yawa ta kakkarye. Kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai a Kano suna son wanda ya riga ya san wannan, ba wanda za a fara koya wa ba.

Zama gaban maigida kuwa, ko wajen masu casar shinkafa a Kura ko masu gyaran riɗi da zoɓo a Dawanau, shi ya fi arha, har ma kana koyo ana sallamarka da na abinci. Za ka san kasuwa da farashi sosai. Inda yake gazawa shi ne tsafta da rubuta bayanai, kuma ranar da ka nemi lambar NAFDAC abin da za a fara dubawa ke nan. Gajeren kwas na FIIRO, cibiyar binciken masana'antu ta gwamnatin tarayya, kan toshe wannan giɓin.

Ka kuma tuna wani aikin na kaka ne. Kamfanin tumatirin Kadawa a jihar Kano da aka buɗe a 2016 ya sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir, alhali yogot da burodi kullum ana yi.

Duk makarantar da ka zaɓa, je da ƙafarka ka leƙa ɗakin gwajinsu. Tambayi ɗalibai yaushe rabon da a tayar da injin.