Ranar da kuɗin Kawu Alhaji suka ƙi aiki a tafkin Majjore

Na daɗe a Italiya, na ga abubuwan ɗaure kai iri-iri, amma ban taɓa ganin an miƙa wa mai sana'a kuɗi ninki biyu ya mai da hannunsa baya ba sai a watan Satumban nan da ya wuce. Wanda aka yi wa haka kuwa ƙanin mahaifiyata ne, Kawu Alhaji, mutumin da in motarsa ta doshi kamfanonin jima na Sharaɗa ko Chalawa, tun daga nesa masu gadi suke wangale ƙofa.

Kawu fatu yake saye da sayarwa, ya zo baje kolin Lineapelle da ake yi a Rho, nan bayan garin Milan. Da aka tashi daga kasuwa sai ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa: mutum a tsaye kan allo, allon yana tafe sama da ruwa, ba igiya, ba jirgin da ke jansa. Ya ce, "Ɗan nan, wannan gaske ne ko haɗin kwamfuta?" Na ce gaske ne Kawu, in aka hau jirgin ƙasa zuwa Arona, tafiyar kamar awa ɗaya, akwai masu koyarwa a bakin tafkin Majjore. Ya ce to kafin ya koma sai ya hau.

Ifoyil suke ce masa. Allo ne mai tsawon mutum ko ƙasa da haka, da batir a cikinsa. A ƙarƙashi akwai sanda mai kamar santimita 70 zuwa 80, a ƙarshenta fiffike da ƙaramin inji mai farfela. Mahayi yana riƙe da rimot, yana ba da wuta da yatsa. In gudu ya yi gudu, ruwan da ke ratsa fiffiken sai ya ɗaga allon da wanda ke kai, ya zama fiffike da inji kaɗai ne a cikin ruwa. Kamfanin Lift Foils na tsibirin Fwarto Riko ne ya fara fito da shi kasuwa a 2018, Fliteboard na Ostareliya ya biyo baya. Sabo dal na waɗannan manyan yakan haura yuro 10,000, caji ɗaya kuma ya ɗauke ka awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mutanen bakin tafkin suna taƙama da cewa a ruwansu ne injiniya Enrico Forlanini ya gwada jirginsa mai fiffike tun 1906, kuma ba za su bar ka ka tafi ba su sanar da kai ba.

Tun daga kama wuri raina ya fara sosuwa. Babu wanda za ka kira ku gaisa, ka tambayi iyali, sannan a shiga ciniki. Shafi ne a intanet: zaɓi rana, zaɓi awa, sa lambar kati, yuro 150 kowane mutum. Kawu, wanda a rayuwarsa bai taɓa biyan kuɗin farko da aka faɗa masa ba, ya ce in rubuta musu cewa mu biyu ne, kuma shi baƙo ne daga nesa. Ko gurbin da za a rubuta hakan babu. Sababbin hannu kuma sai da hantsi ake ba su, lokacin da iskar safe ta kwanta, ta bayan azahar mai tasowa daga kudu ba ta taso ba. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa dole mutum ya iya iyo. Na karanta masa, ya ce in wuce wurin, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a kududdufin unguwa.

Malamar da aka haɗa mu da ita ba za ta girmi autar Kawu ba. Tambayarta ta farko, kilo nawa ne nauyinsa. Kawu ya dube ni ya ce, "Me ya shafe ta?" Ta ce da nauyin mutum ake zaɓar girman allo da faɗin fiffike, mai jiki in aka ba shi ƙaramin fiffike sai ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa kafin ya tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, aka jawo sikeli. Daga nan aka ba kowa rigar roba mai matse jiki, da rigar ruwa a kai, da hular kwano. Hoton Kawu a cikin wannan shiga yana wayata, ya kuma sa na rantse ba zai bar cikinta ba.

Kafin a taɓa allo sai ta ce kowa ya sauka ta tsani, ya yi iyo zuwa wata tulluwa da ke ɗaure nan kusa, ya nutsa kansa sau ɗaya, ya dawo. Kawu ya sauka da ƙarfin gwiwa. Ruwa ya kai masa ƙirji, ƙafarsa ta nemi ƙasa ta rasa, sai ya damƙe ƙarfen tsanin da hannu biyu ya ƙi saki. Yarinyar nan ta durƙusa ta kama hannunsa ta fito da shi, ta yafa masa tawul, ta ja mu gefe inda sauran masu jira ba za su ji ba, ta ce in gaya masa yau ba zai hau ba.

Kawu ya ce ai ga rigar ruwa a jikinsa, to amfanin me ta yi? Ta ce riga za ta hana shi nutsewa, amma ba za ta hana shi firgita ba, mai firgici kuwa abin da ya fi kusa yake cafka, abin da ya fi kusa a nan fiffike ne mai kaifi da farfela. Kuma tafkin nan akwai inda zurfinsa ya kai mita 370. Kawu ya sa aka miƙo masa walat daga aljihun jamfa, ya zaro yuro 300 ya miƙa. "Gaya mata na ɗauki alhakin kaina. In na mutu kwanana ne ya ƙare." Na fassara rabin farko, na haɗiye na biyun. Ta yi murmushi, ta mai da hannayenta baya. Ya ce a kira masa mai wurin. Wani dattijo mai furfura ya fito, ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya ce in malama ta ce a'a to a'a ne, a kan ruwa maganarta ce ta ƙarshe. Kafin Kawu ya gama tuɓe rigar roba saƙon banki ya shigo, sun mayar da kuɗinsa cif. Suka kuma ba shi kujera kyauta a ƙaramin jirgin roba da ke bin ɗalibai, da sharaɗin rigar ruwa ba za ta bar jikinsa ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai rashin wanda zai yi faɗa da shi. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya yi masa dariya, ba kuma wanda ya ji tsoronsa. "Kin san ko ni wane ne" ta zo masa har baki, na ga ya juya ta, ya rasa da wane harshe zai faɗe ta.

Ni aka koya wa. Kusan sulusin lokacin a tudu ya ƙare, kuma yawancinsa koyon faɗuwa ne. In ka ji allo zai kayar da kai, kada ka yi kokawa da shi, saki kunamar rimot injin ya mutu, ka faɗa gefe nesa da allon. In za ka ɗago, hannu biyu a kai tukuna. Kada ka yi ta shure-shure a ƙarƙashinsa. A ruwa kuma da rub-da-ciki ake farawa, sai a durƙusa kan gwiwa, sai a miƙe, nauyi duka a ƙafar gaba, ido can nesa, ba a kallon ƙafa. Muryar malama tana cikin hular kwano ta rediyo, tana cewa ƙara wuta kaɗan, dawo gaba, dawo gaba. In kana son tashi, ɗan janye nauyi baya kaɗan ya isa. In ka zarce, fiffike ya leƙo waje, farfela ta shaƙi iska, sai ka ji ka a ruwa ba sallama. Na sha ruwan tafkin nan har na ƙoshi, kuma duk faɗuwa abin da nake ji a kunne shi ne, madalla, ka faɗi daidai, sake hawa. Na tuna mai gidan da ya koya mini tuƙi a gida, wanda in mota ta mutu a hannunka ranƙwashi ke fara isowa kafin bayani.

Amma lokacin da allon ya rabu da ruwa, wallahi ban san zan ji abin da na ji ba. Bugun ruwan da ke jijjiga ƙafa ya ɗauke ɗif, kamar an ɗauke wuta a layin masu injin markaɗe. Sai ɗan zuuu na inji can ƙasa, da duwatsu a gaba. Na juyo in ga ko Kawu ya gani, juyowar da ta sake jefa ni ruwa ke nan.

A hanyar komawa bakin gaɓa Bagwai ta faɗo mini a rai. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a ruwan Watari da 'yan makarantar Islamiyya daga Badau, suna hanyar zuwa Maulidi, aka rasa mutum 29, yawancinsu yara. Kafin nan ga na Warra a Kebbi a watan Mayu na shekarar. A Yunin 2023 ga na Patigi a Kwara, sama da mutum 100, 'yan biki masu dawowa da dare. Kullum dalilan su ne dai: lodi ya wuce kima, tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, babu riga a jikin kowa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida a Najeriya ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ruwa, duk yana nan a rubuce. Na san talauci na ciki, mai kwale-kwale da kuɗin kowane fasinja yake cefane, mutanen ƙauyen kuma ba su da gada. Amma ku gaya mini gaskiya, a mashigin ruwa nawa ne yaro mai tuƙi zai iya duban dattijo mai babbar riga ya ce Baba jirgi ya cika, a jira sahu na gaba, kuma ya kwana da aikinsa? Mu da kanmu fasinjoji za mu taso masa, a ce ba shi da kunya, a matsa a ba Alhaji wuri. Ladabin da muke alfahari da shi, a bakin ruwa har da shi ake lodi.

Kada a ɗauka su nan waliyyai ne. A kan wannan tafkin dai, ranar 28 ga Mayun 2023, kusa da Sesto Kalende, jirgin da aka yi wa izinin mutum 15 ya ɗauki 23, guguwa ta taso ta kifar da shi, mutum 4 suka mutu. Kwaɗayi da sakaci babu inda ba su je ba. Sai dai nan take masu gabatar da ƙara suka buɗe wa matuƙin fayil, aka ciro jirgin daga ƙasan ruwa don bincike, kuma har yau masu sana'a a tafkin suna ambatar ranar in suna gaya maka dalilin da ba za su yi maka alfarma ba. Mako biyu tsakaninsa da na Patigi.

Abin haushi, ba gwanayen ruwa muka rasa ba. Duk wanda ya ga Kabawa a kogin Matan Fada lokacin bikin Argungu, ko Sarkawa a Yawuri, ya san akwai masu iyon da malamar nan ba za ta kama ƙafarsu ba. Amma sanin ya tsaya a gidan gado. Ɗan birni a ɓoye yake zuwa kududdufi, in aka gan shi da jan ido da farar ƙafa a zane shi, shi ke nan darasinsa na iyo ya ƙare. Ya girma ya tara dukiya ya yi jikoki yana ɗauka ya iya. Nan kuwa yaro tun bai shiga firamare ba uwarsa ke jansa wurin ninkaya na ƙaramar hukuma duk mako.

Na yabe su, bari in faɗi inda suka ba ni haushi. Duk mintocin da aka ɓata a rigimar Kawu daga lokacina aka cire su. Ina tsakiyar jin daɗi, ƙafa ta fara zama, sai murya a kunne ta ce lokaci ya cika, a juyo. Ko minti biyar na gyara babu, alhali batir da sauransa. Hotunan da suka ɗauka, kuɗi daban. Ruwan sha, kuɗi daban, ga mutum ya biya yuro 150. Azahar ta yi, babu ko lungun da za a shimfiɗa darduma, a kan ciyawa bayan rumfar ajiye alluna muka yi, masu yawo da karnuka suna rage tafiya suna kallo. Da za mu tafi, kafin mu ɗaga jaka sun juya ga na bayanmu, babu a sauka lafiya, babu a gaida gida. A bakin ruwan Yawuri da tuni mai suyar kifi ta san sunan garinmu, ta ƙara mana ɗaya a kan na kuɗinmu, wani ya rako mu har tasha. Wannan kam na yi kewarsa har cikin ƙashi.

A jirgin ƙasa Kawu bai ce uffan ba sai da muka kusa Milan. Da ya buɗe baki, lissafin sayen allon ya fara, wai a kai dam ɗin Tiga a riƙa haya. Na ce batirin kaɗai ya ninka abin da ake bari fasinja ya shiga jirgin sama da shi fiye da sau goma, sai dai a kwantena da takardun kaya masu haɗari, sannan a nemo wutar da za ta riƙa cika shi. Ya ce a bar wannan tukuna. Har yanzu yana nan a kan bakansa cewa yarinyar ba ta da tarbiyya. Amma shekaranjiya ya bugo mini daga Kano, wai in bincika masa inda ake koya wa manya iyo, wurin da ba za a taru ana kallonsa ba, kuma malamin ya zama namiji mai shekaru. Ni da nake nan yake tambaya. Wanda ya san irin wurin a Kano don Allah ya yi mini magana.