Iska, ruwa ko mai: da me za a sanyaya na'urorin lantarkin jirgin sama?

Duk mai shirin sayen inbata ko wata na'urar sauya wuta don jirgin sama, ya fara tambayar mai sayarwa inda zafin zai tafi. Inbata mai kilowat 100, ko da ingancinta ya kai kashi 98 cikin ɗari, tana barin kilowat 2 na zafi a cikin ɗan ƙaramin akwati.

Iska ta fi araha: fanka da farantin alminiyam mai tsage-tsage, ba famfo, ba yoyo. Sai dai a tsayin mita 12,000 kaurin iska kusan rubu'in na ƙasa ne, fanka na ta juyawa amma zafin da take kwashewa kaɗan ne. Ga ƙananan na'urori da jirage marasa matuƙi da ba sa nisa a sama, ta wadatar.

Idan wutar ta yi yawa, a ganina ruwa ne mafita. Ana ɗora na'urar a kan farantin ƙarfe, ruwa gauraye da sinadarin glycol na ratsa cikinsa, sinadarin kuma shi ke hana ruwan daskarewa. Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, wannan hanya ya bi, domin ayyuka da dama da iskar da ake ja daga inji ke yi a sauran jirage shi da lantarki yake yin su. Amma kada mai saye ya ruɗu da ƙanƙantar akwatin. A ɗora famfo, bututu, tanki, lagireto da ruwan kansa a kan sikeli tukuna. Sannan famfo na iya mutuwa a sararin sama, shi ya sa ake son layi biyu masu zaman kansu, nauyi kuwa ya ƙaru ke nan.

Akwai rufaffen bututun tagulla mai ɗan ruwa a ciki, ruwan ya zama tururi a gefe mai zafi, ya koma ruwa a gefe mai sanyi. Ba abin da ke motsi a jikinsa, amma matsar da zafi kawai yake yi, sai an samo masa mai karɓa. Jiragen yaƙi irin su F-35 kuwa man tankinsu suke juye wa zafi, man na raguwa, wurin zuba zafin na raguwa.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne lokacin da jirgi ke ƙasa. Jirgin da ke tsaye a filin Malam Aminu Kano cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba iskar tafiya, na'urori kuma a kunne: da wannan yanayi za a auna. Ƙurar hunturu ma kan toshe tsagen farantin. A nemi takardar gwajin DO-160, wato ƙa'idar gwada juriyar kayan jirgin sama, a duba rukunin zafi da tsayi da girgiza da aka gwada, har da na yashi da ƙura. Na'urar da aka ƙera sassan lantarkinta da sinadarin silicon carbide ta fi ta silikon da aka saba tsada, amma da yake ta fi jure zafi kuma asarar wutarta kaɗan ce, takan rage girman lagireto da famfon da za a saya.