A nan tarakta ma a jikin soket take kwana

Jama'ar Kaduna, ku da kuke kewaye wuta da asuba don hunturu ya ɗan taɓa ku, a Saskacuwan ta Kanada sanyin Janairu yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Abin da ya fi ɗaure mini kai a gonakin nan shi ne tarakta da waya a hancinta, an jona ta da bango kamar wayar hannu a shagon mai caji.

Ga dalilin. Injin gas ba ya da fulogi mai ba da wuta. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. Idan ƙarfe ya yi ƙanƙara sai ya shanye zafin, man ya fita farin hayaƙi bai ƙone ba. Wayar nan ta hita ce da ke cikin ruwan inji tana ɗumama shi, mai wat 1,000 zuwa 1,500, a jona ta awa 3 ko 4 kafin aiki. Shi kansa gas yana da kakin da ke daskarewa ya toshe filta, shi ya sa gidajen mai ke sauya shi da na sanyi mai ruwa-ruwa. Baƙin mai 15W-40 da muka saba yakan koma kamar zuma, sai a zuba 0W-40 ko 5W-40. Batir kuwa, a digiri 18 ƙasa da sifili kusan rabin ƙarfinsa ya tafi.

Kik ma da ƙa'idarsa: kada ya wuce daƙiƙa 20 zuwa 30, a huta minti 2, a sake.

To mu fa? Sanyin Kaduna bai isa ya daskarar da gas ba. Massey Ferguson ɗin da ta ƙi tashi da safe a Giwa ko Lere, ba hunturu ne ya kashe ta ba, asiri ya tona mata. Ringi ya cinye, nozul yana ɗiga, kan batir ya yi gishiri, ko ruwa ya kwanta a filta daga man jarka. Mu kuma sai a tara matasa a tura ta gangare, ko a cire filtar iska a kanga tsumma mai fetur a bakin inji. Ta tashi kam, amma bugun da fetur ɗin ke sa inji ya yi yana fasa ringi, ƙurar hunturu kuma ta shige kai tsaye ta goge silinda. Injinan Perkins da yawa, irin na cikin Massey Ferguson, suna da 'yar hita a hanyar iska, a riƙe makulli daƙiƙa 15 kafin kik. Nawa ne aka yanke wayarta aka manta?

Sai dai kada ku ce komai a nan Kanada daɗi ne. Inji ya lalace, sai ka jira bakanike ya zo da kwamfuta, kuɗinsa awa-awa, har tafiyar da ya yi a hanya kai za ka biya. Ƙaramar fasawa ma sabo zai ce a saya. Ina kewar makanikan Panteka, waɗanda za su kasa kunne su ce maka nozul na uku ne, ku gama ciniki kuna shan shayi.