Tsohuwar Hilux da sabuwa a hanyoyin Adar

Duk wanda ya leƙa tashoshin Tahoua lokacin kakar albasar Galmi zai ga cewa har yanzu tsohuwar Toyota Hilux ce ke ɗaukar wahalar kaya, aikin da ta gada daga a-kori-kurar Peugeot 404 da 504. Irin wadda aka ƙera tsakanin 1988 da 1997, mai injin gazwal samfurin da ake kira 3L, ita direbobi suka fi yarda da ita, kuma a ganina suna da gaskiya.

Sirrinta yana cikin famfon mai. Na tsohuwar ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a jikinsa, saboda haka yana haƙuri da gazwal ɗin jarka da ake saye a bakin hanyar Abalak, wanda ba ya rasa ƙura ko ruwa. Idan ta fara tari, bakanike zai kwance matatar mai, ya wanke, ya buga ɗan famfon hannu har iska ta fita, motar ta tashi. Sabuwar da ta fito a 2015, mai injin 2GD, tana fesa mai da matsi mai tsanani ƙarƙashin kulawar kwamfuta, shi ya sa ta fi ƙarfi kuma ta rage hayaƙi, amma ruwa kaɗan a tanki ya isa ya lalata bakunan feshin. Daga nan sai neman mai na'urar gano matsala, sau da yawa a Yamai, sannan a jira kayan gyara, waɗanda suka ƙara tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome.

Ba a musun daɗin sabuwa, domin sanyinta da birkinta da jakar iskar kariya sun dace da ma'aikaci mai yawan zirga-zirga a kan kwalta. Tsohuwa kuwa tana jijjiga mutum har ƙugu ya yi tsami.

Abin da ke ba ni haushi shi ne farashi. Dillalai sun gane ana son ta, sai su shafa wa gajiyayyar mota fenti su yanka mata miliyoyin sefa. Kafin a biya, a shiga ƙarƙashinta da tocila a duba ƙashin jikin ko an yi masa walda, a kuma tayar da injin da sassafe, yana sanyi, a ga launin hayaƙin.