Na'urar rage hasken tankin kifi: daren da agogonta ya rikice

Wata 4 ke nan da na ɗaura wannan na'urar mai ƙara da rage hasken fitila a hankali a tankin kifina mai lita 120, a gidana da ke Yelwa nan Garwa ta Kamaru. Kun san ta, baƙar nan ce mai layi 5 na haɗa fitilu, da ake jona wa wuta bolt 12 ko 24, wadda masu odar kaya daga Sin suke kawowa. Kuɗinta ma kun sani, ba ta da arha a aljihun irinmu.

Abin da ya sa na saye ta ɗaya ne. Kifi ba shi da fatar ido, ba ya iya runtsawa. Duk safiyar da na danna makunnin fitilar LED, sai in ga sun watse suna bugun gilashi. Da na'urar ta zo, na saita ta haske ya fara tasowa ƙarfe 10 na safe, ya cika cikin minti 45, sannan ya soma dusashewa bayan la'asar, kafin magariba ya mutu. Awa 8 ke nan. Wallahi makon farko na ji daɗi. Gansakukar da ke cin gilashin ta ragu, domin da can fitilar kan kai awa 12 a kunne idan na yi dare a kasuwa. Har yarana sun koma zama gaban tankin da yamma suna kallon faɗuwar ranar kifi.

Sai watan Afrilu ya shigo. Wanda ya san Garwa ya san zafin nan da ke haura digiri 40, ga ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, wuta sai a kawo a ɗauke. Na cire murfin tankin na sa ƙaramar fanka tana busa saman ruwan don ya ɗan yi sanyi. Wani dare aka ɗauke wuta bayan isha'i, aka dawo da ita wajen ƙarfe 2. Ashe ɗan batirin nan mai kama da tsabar kuɗi da ke riƙe agogon na'urar mataccen ne tun daga kwali. Agogon ya koma 12 na rana, ita kuma ta saki haske ɗari bisa ɗari a lokaci guda, cikin baƙin duhu. Uwargida ce ta farka ta ce, "Malam, falo kamar rana." Na tashi na zare waya na koma barci, ban duba ƙasa ba.

Da asuba 'yata ta tsinci ɗaya daga cikin kifayen a bayan kabad, ya yi tsalle ya faɗo waje ya bushe. Wani mai faɗin fiffike ne da ke zama a saman ruwa, masunci ne ya kamo mini shi, shekara 2 yana wajena yana cin ƙwari daga hannuna. Ta ɗauko shi a tafin hannunta tana cewa, "Baba, a mayar da shi ruwa ko zai tashi." Har yau abin yana ci mini rai. Batirin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba ne ya jawo wannan, kuma da na kira wanda ya sayar mini, cewa ya yi shi haka aka kawo masa.

Mai gyaran rediyo a babbar kasuwa ya canja mini batirin cikin minti 10. Tun daga nan agogon bai sake ɓacewa ba, gaskiya kam. Shi ne ma ya yi mini bayanin yadda take aiki: ba ƙarfin wutar take ragewa ba, kunnawa da kashewa take yi sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, ido sai ya ga kamar haske ya ragu. Shi ya sa idan na ɗauki bidiyo da waya nake ganin zane-zane suna gudu. Na dawo gida ina cewa to, na yafe mata.

Amma fa ba ta gama da ni ba. Ko da agogon yana daidai, idan aka maido wuta da tsakar rana ba ta tasowa a hankali, tsalle take yi zuwa cikakken haske. Ainihin abin da na saye ta don gudunsa ke nan! A garin da ake ɗauke wuta sau 3 a yini, mene ne amfanin alfijir guda na safe? Sannan idan haske ya sauko ƙasa da kashi 5, ba ya silalewa, tsani-tsani yake sauka, sai ya yanke kwatsam. Saitin kuma sai da kwamfuta mai Windows, manhajar ba Faransanci a ciki, sai da na ari kwamfutar ƙanina ya zauna ya fassara mini.

Tana nan a jone, ban cire ta ba. Na ɗinka raga na rufe saman tankin, ina kuma tara kuɗin ƙaramin batirin sola da zai riƙe fitilar ita kaɗai. Duk wanda zai saya, ya saita agogon a gaban mai kayan, ya zare waya minti 5, ya mayar ya duba kafin ya miƙa ko sefa ɗaya.