Wane takunkumi ya dace da mai yanka katakon da ya yi fumfuna?

Gungumen da ya kwashe Yuli zuwa Satumba kwance a ƙasa a Kaduna ba ya tashi yadda aka ajiye shi. Malaina ta fi saurin nunawa: ka tsaga ta ka ga shuɗi-shuɗi ya ratsa cikinta, ƙarƙashin ɓawon kuma farar fumfuna mai warin danshi. Da zarto ya shiga, ƙurar katako ke tashi haɗe da ƙwayoyin fumfunar, waɗanda ido ba ya gani. Na irin da ake kira Aspergillus fumigatus ba su cika wuce maikiron 2 zuwa 3 ba, alhali kaurin silin gashi ya kai kusan 70. Abu mai wannan ƙanƙanta ba ya tsayawa a hanci, can cikin huhu yake sauka.

Wasu za su ce ai a fili suke aiki, iska na kwashewa. Tana kwashe wa wanda ke tsaye nesa. Mai riƙe da inji kuwa fuskarsa ba ta fi tsawon hannu daga bakin zarto ba. Ita ƙurar katako ko babu fumfuna, tun 1995 hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanci, kuma an san iroko da obeche da tayar da asma. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya fi kowa buƙatar kiyayewa, domin fumfuna na iya samun wurin zama a ramukan da cutar ta bari a huhu.

Ƙyalle, gefen rawani da shuɗin takunkumin asibiti da ya cika gari lokacin korona, a bar su. Iska ta gefe take shiga.

Zaɓi na farko na gaske shi ne takunkumin da ake yarwa bayan aiki. N95 ma'aunin Amurka ne, yana tace kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi. FFP2 na Turai ne, kashi 94, FFP3 kuma kashi 99. Ga kafintan da gungume ɗaya ko biyu kawai zai tsaga, FFP3 ya wadatar, N95 ma ya fi babu nesa ba kusa ba. Sai dai jabu ya yi yawa. N95 na ainihi yana ɗauke da sunan NIOSH, hukumar Amurka da ke tantance shi, da lamba mai farawa da TC-84A, kuma igiyoyinsa biyu bayan kai suke zagayawa, ba a kunne ake rataya su ba. Na Turai ka nemi EN 149 da alamar CE mai lambobi huɗu a gefe. In za ka iya, ɗauki mai ɗan maɓalli a gaba wanda ke fitar da numfashi, irin 3M 8511. A zafin Maris da Afrilu, marar maɓalli kan jiƙe da gumi, numfashi ya yi nauyi, mutum ya sauke shi zuwa haɓa, kuɗi sun tafi a banza.

Ga wanda yankan katako ne abincinsa, ni dai na roba mai rufe hanci da baki zan ce ya saya, irin 3M 6200, tare da matata biyu masu lamba P100 (ko P3 in na Turai ne). P100 na tare kashi 99.97, su ne faya-fayan nan masu launin hoda, 2091. Kuɗin farko da ciwo, amma robar tana daɗewa, matatar kawai ake canzawa idan jan numfashi ya fara wuya ko ta jiƙe. A nan ne ake yawan tafka kuskure: mai shago ya miƙo maka baƙin gwangwanin gawayi na masu fentin mota, ya ce wannan ne mai ƙarfi. Wancan na tururin fenti da tina ne, shi kaɗai ba ya tare ƙura sai an ɗora masa matata. Haka kuma babu ɗaya cikinsu da ke tare gubar hayaƙin inji ko janareto, don haka hayaƙin ya fuskanci wani gefen.

Duk da haka, lambar da ke jikin kwali ba ta kai zaman takunkumin a fuska muhimmanci ba. Kafin ka biya, ko a Panteka ko a kasuwar Gumi, ka ce wa mai shago: "Alhaji, bari in gwada." Ɗaura shi, rufe matatun da tafin hannu, ja numfashi a hankali. Idan robar ta manne da fuskarka ta tsaya, ya zauna. Idan ka ji sanyin iska a gefen hanci ko ƙarƙashin haɓa, girman bai yi ba. A samfurin 3M ɗin nan, 6100 ƙarami ne, 6200 matsakaici, 6300 babba.

Sai batun gemu, wanda da yawanmu ba za su aske ba. Gaskiyar magana, gashi tsakanin roba da fata yana buɗe hanya, ko da na kwana biyu ne. Abin da aka ƙera domin mai gemu shi ne hula mai batir da ke hura tatacciyar iska zuwa fuska, kuma tsadarta ta sa sai babbar masana'anta. Wanda bai da halinta ya sa takunkumin duk da haka, ya tsaya iska na bugun bayansa, ya yayyafa wa gungumen ruwa kafin ya ɓare ɓawon, kuma a kwashe dusar tun tana da laima maimakon a share ta a bushe.

Bayan aiki a cire matatun, a wanke robar da sabulu, ta bushe a inuwa, a sa a leda a ɗaure. Wanda kuma ya lura zazzaɓi, tari da ciwon jiki suna kama shi awa 4 zuwa 8 bayan ya yanka irin wannan katako, su lafa ranar hutu, kada ya tsaya kan maganin maleriya. Ya je asibiti, ya faɗa wa likita ainihin sana'arsa.